Amsoshin Tambayoyinku: Surukata Ba Ta Taɓa Kallon Idona Ba

TAMBAYA

Ni malamin koleji ne a Malbaza. Mahaifina Ba'adare ne, amma a Abijan aka haife ni, can na tashi, sai da na shekara 17 aka kawo ni Yamai karatu. Shekara biyu ke nan da baffana ya nema mini auren ɗiyar amininsa a Illela. Ga abin da ya hana ni barci. Tun da aka shafa fatiha surukata ba ta taɓa kallon idona ba. Da na yi sallama sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, daga can take amsa gaisuwata. Surukina kuwa, ana gama gaisawa sai ya ɗauki buta ya ce zai je masallaci, ko da da sauran lokaci. Matata ba ta taɓa kiran sunana ba, in muna cikin mutane sai ka rantse ba ta san ni ba. Na karanta a Facebook cewa kashi 93 cikin 100 na abin da mutum ke nufi a jikinsa yake, kuma duk wanda ya ƙi haɗa ido da kai akwai abin da yake ɓoyewa. Yanzu kuma wata biyu ke nan shirunta ya ƙaru, ko a cikin ɗaki. In na tambaye ta sai ta ce "ba komi". Malam, mutanen nan ƙina suke yi ne? Ita kuma me take ɓoye mini?

Daga wani malami, Malbaza

AMSA

To, Mushe. Na san haka yara ke kiranka a bakin lakwal, ni ma bari in ara. Tambaya biyu ce ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta surukai ta ba ni dariya har mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya. Ta shirun wata biyun nan kuwa ba abin dariya ba ce, za mu zo kanta.

Illelar Adar na ɗauka kake nufi, ba Illelar jihar Sakkwato da ke tsallaken iyaka daga Ƙonni ba. In haka ne, garin sarauta baffanka ya kai ka. Nan ne gidan Sarkin Adar, zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas, wanda ya kama ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17. Garin da ya daɗe da fada, yaro kan koyi magana da jiki tun bai iya tsarki ba: inda ake tuɓe takalmi, nisan da ake durƙusawa, yadda ake jinjina, da yadda babba kan yi shiru bafade ya amsa gaisuwa a madadinsa. Kai kuma ka tashi a Abijan. Hausar bakinka ta tsira, na gani a wasiƙarka. Hausar jikinka ce ta gauraya da ta Jula da ta lakwal ɗin nasara, shi ya sa ake yi maka magana da ita kana jin kamar zagi.

Bari in ba ka nawa labarin. Ni ƴar wani ƙauye na aura a gefen Tsarnawa. Ranar da na fara zuwa gaida surukai bayan biki, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, aka bar ni daga ni sai kaji. Can sai ga ƴar yarinya da ƙwaryar ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta ruga da gudu. Ta dawo da fura an rufe da faifai, ludayin ma sabo fil. Sai na ji murya daga bayan darni, ƙasa-ƙasa: "An zo lahiya? Ina gajiya? Ya aka baro mutanen gida?" Ka lura, ba ta ce "ka zo" ba. "An zo" ta ce, sai ka ce iska ce ta shigo gidan. Ni kuma na amsa ina kallon babban yatsan ƙafata. Da la'asar aka kawo tuwo da miyar zabo. Zabi uku ne a gidan, na sani don na ƙirga su da hantsi ina zaman jira. Da zan tafi biyu na gani.

Shekara 19 baiwar Allah nan ta yi tana surukata kafin ta rasu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da farko "mutumen birni" take cewa, da muka haihu na koma "uban yara". Shekarar da na kwanta ciwo, ƙanen matata ya kawo mini jika 15 ƙulle a ƙyalle, ya ce in ji wani bawan Allah. Sai bayan wata shida na gane akuyarta ta sayar.

To Mushe, ka gaya mini surukarka tana shigewa ɗaki, amma ba ka gaya mini abin da ke fitowa daga ɗakin ba. A wane kwano ake zuba maka abinci? Wace tabarma ake shimfiɗa maka, ta kullum ko wadda ake naɗewa a rataye? In za ka koma Malbaza, me ake ɗaura maka a bayan babur? Kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, ƙwan zabi? A nan take yi maka magana. Ba a jin kunyar wanda aka raina. Ranar da ta zauna gabanka kai ba ɗankwali, ta tsare ka da ido, ta kira sunanka gatsal, ranar ce za ka hau babur ka nemi baffanka ko rana ta faɗi, don an sauke ka daga kujerar suruki.

Butar surukinka ma haka take. Ya san muddin yana zaune ba za ka iya kai loma baki ba, ba za ka miƙe ƙafa ba. Ya tashi ne ya ba ka zauren ka sake. Wahala ya ɗauke maka, kai kuma ka rubuta ta a littafin laifi.

Maƙwabtanmu ma haka suke, wasu har sun fi mu. Buzun Adar in surukinsa ya doso, sai ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ido kaɗai za a gani. Fulani kuwa a kansu muka samo kalmar fulako. Mu da Fulani duka, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, amma tona tuwonsa ka ga inda tsokar nama ta ɓuya. Matarka a wannan makaranta ta yi karatu. Sunanka ya yi mata nauyi a baki, shi ya sa ka zama "maigida" ko "Malam" ko "shi". Na san ƴan matan birni na yanzu har "sheri" suke cewa a gaban uwar miji, ban kuma ce sun yi saɓo ba. Amma wadda ba ta ce ba, ba ta gaza su so ba.

Sai kashi 93 ɗin nan da ke yawo a Facebook kamar akuyar da ba ta da mai ita. Tana da mai ita. Wani malamin jami'a ne a birnin Los Anjalas na Amurka, Albert Mehrabian, ya yi ƙananan gwaje-gwaje biyu a 1967. An ɗauki muryar mata suna furta kalma ɗaya tak, irin "wataƙila", da sautin so, da na ƙi, da na tsaka-tsaki, aka kawo hotunan fuska, aka ce wa masu saurare su faɗi ko mai maganar na son wanda take wa magana. Daga nan ya fitar da lissafinsa: kashi 7 kalma, 38 murya, 55 fuska. Shi da kansa ya ja kunne cewa lissafin bai hau kan kowace magana ba, sai inda mutum ke faɗin abin da ke ransa na so ko ƙi, baki ya ce ɗaya fuska ta ce wani. Da yadda ake yaɗa shi gaskiya ne, da ɗalibanka ba su bukatar Faransanci, kallonka kawai za su yi su ci jarrabawa. Kakanninmu sun riga shi da nisa da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin zuciya suka ce. Kuɗin buhun albasa a Galmi kuwa sai ka buɗe baki ka tambaya.

Zancen ido da ƙarya ya fi wannan rauni. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara gwaje-gwaje sama da 200 waɗanda mutum fiye da 24,000 suka shiga, ana nuna musu masu gaskiya da maƙaryata su tantance. Sau 54 cikin 100 suka dace. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai samu 50. A shekarar kuma aka fitar da wani binciken da ya ratsa ƙasashe 75, aka tarar abin da mutane suka fi yarda da shi a duniya shi ne maƙaryaci na kau da ido, alhali gwajin da aka yi ta yi bai nuna haka ba. Duk wanda ɗan damfara ya taɓa wankewa zai gaya maka cikin ido aka dube shi, har da rantsuwa da dafa kafaɗa.

Mu da muka yi boko a ƙasar nan mun sha wuya a kan idon nan. A aji mushe na daka mini tsawa in dube shi in yana magana, in na sunkuyar da kai ya ce na yi laifi ne. In koma gida in ɗaga kai, mahaifina ya ce: "Ni kake kallo?" Na sha bulala a kan ido sau biyu a rana ɗaya, da safe don na ƙi kallo, da dare don na kalla. Kai ma duba ajinka gobe. Yaron da ka kira ya tashi ya harɗe hannu a ƙirji, ladabi yake yi maka, haka aka koya masa tun ajin farko. Littattafan Amurka da ake kwafo wa Facebook kuwa cewa suke wanda ya harɗe hannu ya rufe zuciyarsa, ba ya son jin maganarka. Da za ka bi su, da ka kori aji guda.

In kana son ganin gwanayen karatun jiki na gaske, ka je kara ranar Laraba a Ƙonni, ko ta Badagishiri, ka samu inuwa ka tsaya kusa da dillali. Mai saye jan sa yake so, amma farin yake zagayawa, yana latsa gadon bayansa, yana taɓe baki. Jan kuwa sau ɗaya ya saci kallonsa. Dillali ya gani. Aka taya, mai sa ya ce "albarka", ya juya fuska gabas kamar an zage shi, amma hannunsa bai ƙara damƙe igiya ba. Dillali ya gani. Mai saye ya kaɗa riga ya tafi, sai dai tafiyar ta wanda ke jiran a kira shi ce, ƙafa na gaba kunne na baya. Dillali ya bar shi ya yi taku goma, sannan ya bi shi ya kamo hannunsa, ya ja shi gefe, suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya kama hannun mai sa. Kafin ka sha ruwa an sallama, igiya ta sauya hannu, ya karɓi la'adarsa. Ka tambaye shi yadda ya yi, zai ce maka shekara goma yana sayar wa Bafulatanin nan shanu, ya san "albarkar" da ke nufin a ƙara kaɗan, ya san wadda ke nufin a bar zancen. Kawo masa baƙo daga wata ƙasa, sai ya lallaɓa ya gwada shi tukuna. Mutumin ya sani, shi ya sa alamar ke yi masa amfani.

Ko daƙuwa ma sai ka san hannun da ya yi ta. Baƙo ya watsa maka yatsu biyar a tasha, faɗa ne har gaban jandarma. Taubashinka ya yi maka ita a tsakiyar taron suna, dariya za a yi, ka rama, ku ci tuwo kwano ɗaya. Wasan taubasantakar nan tamu ta Nijar har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Yanzu mu zo kan wata biyun nan. Duk abin da ka lissafa a farkon wasiƙarka haka ka tarar da shi tun ranar farko, bai sauya ba, don haka ba labari ba ne. Shirun cikin ɗaki shi ne sabo, kuma sabon abu shi ake bi.

Akwai wani gwaji da Paul Ekman da Wallace Friesen suka yi wajen 1970 da ke taimaka mini a nan. Sun nuna wa ɗaliban Amurka da na Japan fim mai tayar da hankali, ana ɗaukar fuskokinsu a ɓoye. Muddin kowa na zaune shi kaɗai, yamutsa fuskar iri ɗaya ce. Da babban mutum ya shigo ya zauna tare da su, sai ƴan Japan suka rufe abin da murmushi. Zuciya ɗaya ce, tarbiyya ce ke faɗa wa fuska a gaban wa za ta buɗe. Kunyar matarka ta gaban mutane ce. In an rufe ƙofa, daga kai sai ita, ya kamata mayafin ya sauka, a yi hira, a yi dariya, har a yi maka tsiya. Da haka take sannan ta daina? To wannan shirun ba na kunya ba ne, wani abu ne daban, kuma ka yi daidai da ka damu.

Sai dai shiru ɗaki ne mai ƙofa da yawa. Na fushi ba ya ɓuya, don yana da ƙara. Kwanon da ake durƙusawa a ajiye sai a dangwarar da shi. Taɓarya ta riƙa faɗa wa turmi da ƙarfin da ya fi na hatsin da ke ciki. A share tsakar gida ƙura ta bi ta kanka. A yi wa kaza faɗan da kai aka nufa, a yi gugar zana da maƙwabciya ta kan katanga, a ja tsaki in ka juya baya, a yi ƙwafa. Turaren wuta ya ɗauke, lalle ya goge ba a sake ba. Wanda ya zauna gidan mata da yawa ya san wannan karatun tun yana goye. In shi kake gani, akwai laifin da ake tuhumarka da shi, ko ka sani ko ba ka sani ba.

In kuwa ba ƙara, sai sanyin jiki, da tagumi, da barcin rana, da abinci da ake tsakura a ture, to ka bar neman laifi. Akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba: shekara biyu da aure, ba ka ambaci haihuwa ba. Wannan ƙofa biyu gare ta. Ƴar Illela mai cikin fari ba za ta zaunar da kai ta ce maka tana da ciki ba, ko uwarta sai dai ta gane da ido. Kasala, tofar da yawu, ƙin warin miyar da take so da, kwaɗayin abu mai tsami: wata biyu daidai lokacin laulayi ne, kuma mazan da suka fi ka shekaru sun sha ɗaukar laulayi a matsayin fushi. Ɗaya ƙofar kuma, in ba cikin, wataƙila gori ya fara isowa kunnenta. A wajen biki wata ta dubi cikinta ta dubi ƴar'uwarta, ba a ce komai ba, amma an gama magana. Irin wannan ciwon mace kan haɗiye shi, musamman in tana tsoron ranar da za a ce maka ka ƙara aure. Ban da waɗannan akwai kewar gida. Malbaza garin siminti ne, garin ma'aikata da baƙi, kai kana lakwal tun safe, ita tana cikin gidan haya ba gwaggo ba ƙawa. Akwai kuma ciwon da take jin nauyin faɗa.

Ka ga ƙofofin sun yi yawa, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya. Ido zai gaya maka akwai abu. Ba zai gaya maka mene ne ba. Masu zama su ƙulla hukunci daga kallo kaɗai, su ne ke sakin mace mai laulayi.

Kafin ka tambaye ta, ka ɗauki madubi. Wata biyun nan da ka yi kana bin ta da ido kana neman alamar ƙarya, kana tsammanin ba ta gani ba? Ita ma karatun jikinka take yi, ta kuma fi ka iyawa. Mijin da ya shigo fuska a murtuke da gajiyar aji, ya ci abinci ido na kan salula, bai ce sannu ba, sannan ya ɗago ya ƙura mata ido irin na jandarma ya ce "me ke damunki?", amsar da zai samu ke nan: ba komi. Wani masani a Amurka, John Gottman, ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton ma'aurata suna gardama, ya ce cikin duk abin da ke nuna aure zai mutu babu kamar raini, kuma a fuska ya fi ganinsa: juya ido, karkata leɓe. Mu a nan sunansa harara da yatsina da tsaki. Tsaki ɗaya a gaban ƙawayenta ya fi zagi goma a ɗaki daɗewa a rai. Ban ce kana yi ba. Na ce ka duba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba baƙo kaɗai ake yi wa ita ba.

Akwai abin koyi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari da Muslim sun ruwaito ya gaya wa Nana A'isha cewa yana gane lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi da shi, domin in tana jin daɗi da Ubangijin Muhammadu take rantsuwa, in ta yi fushi sai ta koma Ubangijin Ibrahim. Ta amsa cewa haka ne, amma sunan kawai take ƙaurace wa. Dubi yadda abin ya tafi. Ya san yadda take a kullum, ya lura da ɗan abin da ya sauya, ya faɗa mata cikin raha ba tuhuma, ita kuma ta tabbatar da bakinta.

To yaya za ka yi? Kada ka zaunar da ita gaba da gaba kamar mai amsa tambayar jarrabawa. Wadda aka tarbiyyantar da kau da ido ta fi sakin baki in ba a kallonta. Bayan isha'i, an rage fitila, kuna gefe da gefe, ko tana tsinke zogale ka zauna kana taya ta. Kada ka ce me ke damunki. Faɗi abin da ka gani, ka miƙa mata hanya: na ga kwana biyu ba ki cin abinci, ko jikin ne? Ko gida kike son zuwa? Ko wani ya faɗa miki magana? Sannan ka yi shiru, shiru mai tsawo, ka jure shi. In ta girgiza kai ka wuce, in ta sunkuyar da kai ta kama wasa da bakin zane, ka taɓa wurin. In hawaye ya zo kada ka ce ta daina. Wataƙila ba a daren za ta faɗa ba.

In ta ƙi, al'adar da ta rufe mata baki ta bar maka ƙofar baya. Ƙannenta abokan wasanka ne, ƙanwarka abokiyar wasanta ce, kakarta kuwa "matarka" ce, da ita za ka iya zancen da ba ka isa ka yi da surukarka ba. Ka kai wa tsohuwa goro ka yi mata hannunka mai sanda, kafin sati ka ji komai. In alamun jiki ne, kada ka tsaya aike: ka ɗauke ta ku je likita nan Malbaza, ko asibitin Galmi da ke kusa da ku, wanda ke aiki tun 1950, ka kuma bar ta ta shiga wurin ma'aikaciya mace ita kaɗai.

Kada ka ɗauka ina wanke kunya tas. Na ga inda ta yi ɓarna. Na ga macen da ta ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinta don tana jin nauyin faɗa wa miji. Na ga yarinyar da aka tambaya ana tsaitsaye a kanta, ta yi shiru don tsoro, aka ce ai ta yarda, aka raba goro. Gaskiya ne shari'a ta ɗauki shirun budurwa a matsayin izini, saboda kunyarta. Amma malamanmu na Malikiyya sun so a fara sanar da ita cewa shirun nata yarda za a ɗauke shi, kuma Buhari ya kawo labarin Khansa'u ɗiyar Khizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Tun da baffanka ne ya nemo maka ita, wannan ma tambaya ce da ya kamata wata rana, cikin daɗin rai, ka ji amsarta daga bakinta. Zabon surukai ba zai amsa maka ita ba.

Surukarka kuwa ka ƙyale ta da mayafinta. Kada ka bi ta ɗaki da sunan wayewa, kada ka miƙa mata hannu, kada ka aika a tambaye ta ko ka yi laifi, za ka jefa ta cikin kunyar da za ta kwana ba ta yi barci ba. Hutun nan mai zuwa ka kai matarka Illela ta kwana biyu wurin uwarta. Ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ka durƙusa ka gaida darni, ka ba ƙanwar matarka goro da sabulu ta shigar. Da hantsi ka ƙirga zabin gidan, in za ka tafi ka sake ƙirgawa, sannan ka rubuto mini nawa suka rage.